Dashen ɓargo ga yara masu emasi: me ya sa likitoci ke tayar da yaro daga gado tun bai warware ba



Duk gidan da ke da yaro mai emasi, wadda wasu ke kira sikila ko amosanin jini, ya san daren da ba a barci, ya san hanyar asibiti da neman mai ba da jini. Shi ya sa da zarar an ji cewa akwai aikin da ke raba yaro da wannan ciwo, wato dashen ɓargo, hankali ke tafiya kan tambaya uku: nawa ne, a wace ƙasa ake yi, wa zai taimaka. Akwai ta huɗu da ba a cika yi ba, ita ce muka ɗauko yau: idan an yi dashen, yaya yaron zai koma ya yi tafiya, ya yi wasa, ya je lakwal kamar tsaransa? Sau da yawa yaro na fitowa daga ɗakin dashe jininsa ya gyaru amma ƙafafunsa ba su iya ɗaukarsa daga tabarma. Wannan ƙarfi da motsi yake dawowa, motsi kaɗan-kaɗan, kullum, bisa awon jini da izinin likita. Abin da za mu faɗa nan taimako ne don iyaye su san me za su tambaya. Maganar ƙarshe ta likitan da ke riƙe da yaron ce.

Mene ne dashen ɓargo

Ɓargon da muka sani, wanda ke cikin ƙashi, shi ne masana'antar jini. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyi da za mu kira uwayen jini, don su ke haifar da sauran: jajayen ƙwayoyi masu kai iskar oksijin ko'ina a jiki, fararen ƙwayoyi waɗanda su ne sojojin da ke yaƙar cuta, da ƴan ƙananan da ake kira plaket, masu tsayar da jini idan an ji rauni. Ga mai emasi, jajayen da ɓargonsa ke haifarwa suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ke tasowa.

A wajen dashe, ana fara ba yaro magani mai ƙarfi, kemoterapi, na kusan mako guda ko fiye, don a share tsohon ɓargon. Sai a ɗebo uwayen jini daga mai lafiya a sa masa ta jijiya, kamar yadda ake ƙarin jini. Ba a yanka yaron, ba a fasa masa ƙashi. Sabbin ƙwayoyin su ke neman hanyarsu zuwa cikin ƙashi, kuma sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin su kama su fara aiki. A tsakanin nan yaro ba shi da sojojin jiki, don haka ake killace shi a ɗaki shi kaɗai da mai jinya guda. Zaman asibiti kan kai mako 4 zuwa 6, sannan a zauna kusa da asibitin har a cika kwana 100 na farko, waɗanda su ne mafi haɗari.

Wanda ya fi dacewa ya ba da ɓargo shi ne ɗan uwa ko ƴar uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ko a nan sai an auna: kowane ɗan uwa na da damar 1 cikin 4 ta dacewa. Mai AS na iya bayarwa. Idan an samu wanda ya dace kuma an yi aikin tun yaro na ƙarami, kusan 9 cikin 10 na rabuwa da cutar. Amma aiki ne mai haɗari: akwai yaran da ke rasa ransu, akwai waɗanda dashen bai kamawa, kuma maganin na iya taɓa haihuwa nan gaba. Ana yin irin wannan dashe ga yara masu kansar jini ma, kuma abin da za mu faɗa ya shafe su.

Labarin warkar da sikila ta wannan hanya ya fara fitowa a 1984 daga asibitin St. Jude na birnin Memfis a Amurka, inda aka yi wa wata yarinya dashe saboda kansar jini, sai aka ga sikilarta ma ta tafi. A maƙwabciyarmu Najeriya, asibitin koyarwa na jami'ar Benin ya yi na farko a 2011, asibitin koyarwa na jami'ar Legas kuma ya fara nasa a 2024 tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya. Wasu iyalai na nufar Indiya, Tunisiya ko Faransa. A nan gida, cibiyar ƙasa ta kula da masu emasi tana Yamai, sama da kilomita 400 daga nan, kuma can ya kamata a fara neman shawara kafin a sayar da gona ko a karɓi kuɗin ƴan uwa.

Abin da ke cinye ƙarfin yaro

Na farko ita ce kwanciyar kanta. A 1966, a birnin Dalas na Amurka, likitoci sun kwantar da samari 5 masu cikakkiyar lafiya a gado har mako 3 ba tashi. Da aka auna su, ƙarfin zuciya da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka tarar cewa kwanciyar mako 3 ta fi tsufan shekara 30 rage masu ƙarfi. To, waɗannan lafiyayyu ne. Ina ga yaron da ke kwance mako 5, ga amai, ga gyambon baki da ya hana shi cin abinci?

Na biyu magunguna ne. Idan sabon ɓargo ya ɗauki jikin yaron a matsayin baƙo ya fara faɗa da shi, abin da kan fito a fata, hanji ko hanta, likitoci na ba da magani dangin kortizon. Maganin na ceton rai, amma yana cin tsokar cinya da ta ƙugu, yana kuma rage ƙwarin ƙashi. Za ku ga fuskar yaro ta yi ɓulɓul, a ce ya yi ƙiba, alhali cinyoyinsa sun zube. Alamar ita ce ba ya iya tashi daga tsugune ko daga tabarma sai ya dafa gwiwa ko bango. A garuruwanmu, inda zama a ƙasa ne, bayan gida kuma na tsugune ne, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Wasu magungunan kansa kuma na taɓa jijiyoyin ƙafa, yaro ya riƙa jan ƙafa yana tuntuɓe.

Na uku, gaɓoɓi na ƙagewa. Ƙafar da ta daɗe a miƙe cikin gado, agararta na gajarcewa, sai yaro ya tashi yana tafiya da ƴan yatsu, diddige bai taɓa ƙasa. Idan faɗan sabon ɓargo da jiki ya daɗe, fata na iya yin tauri a kafaɗa, gwiwar hannu ko wuyan hannu, gaɓar ta ƙi miƙewa.

Na huɗu, abin da emasi ta riga ta ɓata kafin dashe ba ya gyaruwa don an sa sabon ɓargo. Yaron da kan ƙashin ƙugunsa ya mutu saboda rashin isar jini, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, zai fito da wannan rauni, kuma shi ya fi kowa buƙatar mai aikin motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, a Najeriya kuma ake ce wa likitan gashi.

Ƙananan yara ƴan shekara 1 zuwa 3 kan koma baya: mai tafiya ya koma rarrafe, mai rarrafe ya koma zama. Wannan ba aikin iska ba ne ko sammu. Rashin motsi ne, kuma yana gyaruwa da wasa da haƙuri.

Aikin na farawa kafin a shiga jirgi

Yaron da ya shiga ɗakin dashe da ɗan ƙarfinsa ya fi wanda ya shiga a galabaice. A watannin da ake haɗa takardu da kuɗi, a bar shi ya riƙa tafiya safe da yamma, ya ci abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nama, zogale, ya sha ruwa sosai. Idan yana ɗingishi ko kukan ƙugu, a faɗa wa likita tun yanzu a ɗauki hoton ƙashin.

Akwai wani awo mai sauƙi da asibitoci ke yi, ana kiransa tafiyar minti 6: a ga nisan da mutum zai yi cikin minti 6 da tafiyarsa, ba gudu. Ku ma kuna iya yi a tsakar gida. A sa alama biyu, a duba agogon waya, a ƙirga sau nawa ya je ya dawo, a rubuta. A ƙirga kuma sau nawa yake iya tashi daga kujera ya zauna cikin rabin minti ba tare da dafawa ba. Waɗannan lambobi biyu su za su nuna maku bayan dashe ko ana ci gaba ko ana tsaye.

Wanda zai yi rakiya, uwa ce, uba ne ko gwaggo, ya tambayi asibitin tun ranar farko: akwai kine a cikin masu kula da yaron? Kuɗinsa na cikin lissafin da aka ba mu? Za a rubuta mana tsarin motsa jiki da za mu koma gida da shi?

A cikin ɗakin asibiti

Mun saba da cewa marar lafiya kwanciya yake yi, mai jinya na kirki kuma shi ne wanda ba ya barinsa ya ɗaga ko da kofi. Don haka uwa kan ji zafi idan ma'aikaciya ta shigo ta ce yaro ya tashi ya taka, alhali jiya ya kwana yana amai. Ba rashin tausayi ba ne. An gwada motsa jiki ga yara a lokacin dashe a asibitocin yara na Madrid a Sifen da Frankfurt a Jamus, an ga abu ne mai yiwuwa, ba ya cutarwa idan ana sa ido, kuma yaran da suka yi sun fi riƙe ƙarfinsu.

Abin da ake nufi da motsa jiki a nan ba gudu ba ne ko ɗaga ƙarfe. Yaro ya tashi ya zauna a kujera lokacin cin abinci. Ya taka da ƙafarsa zuwa bayan gida. Ya ja numfashi mai zurfi ya hura a hankali, don huhu ya buɗe. Yana kwance ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama da ƙasa, ya lanƙwasa gwiwa ya ɗaga ƙugu. Ya tashi tsaye ya zauna sau 5. Ya jefa ƙwallo mai laushi, ya taka rawa idan an sa masa kiɗa a waya. Wasu asibitoci na da keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya. Minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a yini, ya fi awa guda rana ɗaya a mako. Ranar da jiki ya ƙi, a yi na kan gado kawai. Sannu ba ta hana zuwa.

Takardar awon jini ta kowace safiya ita ke ba da izini. Lafiyayyen mutum na da plaket 150,000 zuwa 450,000, wasu takardu na rubuta 150 zuwa 450. Bayan kemoterapi sukan faɗi ƙasa ƙwarai. Idan sun yi ƙasa da 50,000, ba tsalle, ba ture-ture, ba abin da zai sa a faɗi ko a bugi kai. Idan sun sauka wajen 20,000 ko ƙasa, sai motsi mai laushi kawai, wani lokaci a jira sai an ƙara masa plaket. Kowane asibiti na da iyakarsa, don haka mai jinya ya riƙa tambaya kowace safiya: yau plaket nawa, jini nawa, me aka yarda ya yi? Haka idan jini ya yi ƙasa sosai ko akwai masassara, a dakata.

A kula da siririn tiyon da ake sa wa yaro a ƙirji don ba shi magani. Kada a ja shi, kada ya jiƙe, kada a ɗaga yaro ta hammata a wannan ɓangare da ƙarfi.

Dawowa gida

Nan ne aikin iyali ke farawa da gaske, don sojojin jikin yaro ba su gama dawowa sai bayan wata 6 zuwa shekara guda, wani lokaci fiye. Muna so ya motsa, amma wuraren da yaranmu suka saba wasa su ne suka fi masa haɗari.

Ƙura da funfuna su ne na farko. Akwai wata funfuna da ke zaune cikin ƙasa, taki, ruɓaɓɓen ganye da hatsin da ya jiƙe. Baƙin garin nan da muke gani a jikin albasar da ta daɗe cikin rudu danginta ne. Ga mai lafiya ba komai, amma ga yaron dashe tana iya shiga huhu ta yi kisa. Don haka ba shi ba rudu, ba shi ba rumbu, ba wurin sussuka da shiƙa, ba kwasar taki, ba sharar turke ko akurkin kaji, ba ɗakin tantabaru, ba wurin da ake rushe ginin ƙasa. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, ya yi motsinsa cikin ɗaki. Idan za a share gida a yayyafa ruwa, shi kuma ya fita daga wurin. Idan fita ta zama dole, ya sa takunkumin hanci.

Sai rana. Zafin rana na tayar da faɗan nan na fata, kuma magungunan da yake sha na wahalar da ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa. A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tafiyarsa ta zama da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da riga mai dogon hannu da malfa, da gorar tafasasshen ruwa a hannu. Babban yaro da ke son yin azumi ya bari sai likita ya yarda, addini ya ba marar lafiya sauƙi.

Sai ruwa. Ba wanka a tafki, baraji ko gulbi idan Maggiya ta kawo, saboda tsargiya da sauran ƙwayoyin cuta. Ba tafiya ba takalmi. Ya kwana cikin gidan sauro kullum, don masassarar cizon sauro ga irinsa ba a jira da ita.

Sai dubiya, wadda ita ce ta fi wuyar faɗa. Yaro ya dawo daga ƙasar waje, dangi da maƙwabta za su cika gida don yin barka, kuma hana su abin kunya ne a wurinmu. Maigida ya fito da kansa ya yi bayani, a gaisa a zaure, a yi addu'a daga nesa. Mai tari, mai mura, yaro mai baƙon dauro ko ƙarambau kada su kusance shi. Kasuwa, biki da taron suna su jira. Allurar rigakafin da aka yi masa tun yana jariri ta goge tare da tsohon ɓargo, za a sake masa daga farko bisa tsarin da likitan dashe zai rubuta. Idan masu rigakafi suka zo gida a nuna masu takardarsa, don akwai irin da bai kamata a ba shi ba tukuna. Sauran yaran gida a ci gaba da yi masu nasu, a dai sanar da likitansa.

To, me zai yi? Tafiya ita ce uwa. A fara da minti 5 zuwa 10 a tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa, a riƙa ƙara minti biyu ko uku duk bayan ƴan kwanaki. Ma'auninta: yana tafiya yana iya magana. Idan haki ya hana shi haɗa jimla, an wuce gona da iri. Don cinyoyi, ya tashi daga kujera ya zauna, daga baya a koma kujera ƴar tsugune, daga ƙarshe tabarma. Ya hau dakali ya sauko yana dafe da hannun babba. Don agara, ya dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, ya ƙirga 20. Ya ɗaga hannuwa sama kamar mai ciro abu daga rataye. Kafin ƙarfin tsugune ya dawo, a yi masa kujera mai rami a bayan gida don kada ya faɗi.

Yaro ba ya son abin da aka kira magani, amma yana son wasa. A sa ƴan uwansa masu lafiya su yi da shi: jefa ƙwallo, tura gare a hankali, gaɗa da tafi ga ƴan mata, carafke a kan tabarma da duwatsun da aka wanke. Langa, tsallen igiya, keke da ƙwallon ƙafa sai plaket sun hau kuma likita ya ce to. Kokowa ita ce ta ƙarshe, kuma ga wanda ya daɗe yana shan kortizon ko ƙugunsa ya taɓu, sai an ɗauki hoto an gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara ƴan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki a yini. Nan ake so a kai, amma a watanni, ba a mako guda ba.

A yi hattara da aikin gida. Da zarar yarinya ta fara warwarewa, turmi, tulun ruwa da goyon ƙane na jiranta, yaro kuma kiwo da ban ruwa a garka. Waɗannan kaya ne masu nauyi ga ƙashin da ya yi laushi, ga ƙura da rana. A ba su aiki marar nauyi, ninke tufafi, kai kwano, don su ji ana yi da su. Komawa lakwal ko makarantar allo kan kasance bayan wata 6 zuwa shekara, da izinin likita. Kafin nan a roƙi malami ya riƙa aiko da darasi.

Abu guda da za mu roƙa da babbar murya: kada a kai yaron dashe wajen tsaga, ƙaho, tausa mai ƙarfi ko gashi da ruwa mai ƙuna don ƙafafunsa sun yi sanyi. Jininsa na iya ƙin tsayawa, ƙaramin rauni kuma na iya zama ƙofar cuta. Saiwa da jiƙo ma a bari, don wasunsu na rikita maganin da ke hana jiki ƙin sabon ɓargo. Idan ana buƙatar kine, a tambaya a asibitin Galmi, wanda ke nan cikin ƙaramar hukumarmu tun 1950, ko asibitin gundumar Ƙonni, ko babban asibitin jihar Tawa, a tafi da takardun da aka zo da su daga wurin dashe.

Alamun da ke cewa a tsaya a nufi asibiti

Kowane gida mai irin wannan yaro ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ya nuna 38 ko sama, ko da tsakar dare ne, a tafi, kada a ba shi maganin sauke zafi a jira safiya. Haka idan an ga haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa, ɗige-ɗigen ja a fata, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, jiri ko suma, ciwon kai mai tsanani musamman bayan faɗuwa, sabbin ƙuraje, zawo mai yawa, ko idanu sun yi rawaya. Sabon ɗingishi, ciwon ƙugu, gwiwa ko baya da ya wuce kwana biyu shi ma a nuna wa likita, a daina sa shi tafiya har sai an duba.

Yaran da ba a yi wa dashe ba

Mun san mafi yawan ɗiyanmu masu emasi ba za su kai ga dashe ba, ko don kuɗi ko don rashin ɗan uwan da ya dace. Su ma maganar ta shafe su. Da yawa an hana su wasa gaba ɗaya don tsoron tashin ciwo, suna zaune a gindin bango suna kallon tsaransu. Abin da ke tayar da ciwon shi ne gajiya mai tsanani, ƙishirwa, zafi mai yawa, da sanyi na farat ɗaya kamar faɗawa ruwan sanyi ko dukan ruwan sama. Motsi matsakaici bai cikin wannan. A wani bincike da aka yi a Faransa aka fitar a 2018, manya masu sikila sun tuƙa keken motsa jiki a hankali sau 3 a mako har mako 8, ƙarfinsu ya ƙaru, kuma abin bai jawo masu wata babbar matsala ba. Don haka a bar yaro ya yi wasa, ya sha ruwa kafin ya fara da lokacin da yake yi, ya huta da ya ji gajiya, malamin lakwal kuma kada ya tilasta masa gudu ko horon tsallen kwaɗo. Ranar ciwo ko masassara, hutu. A ci gaba da zuwa awo da shan maganin da aka rubuta, a kuma tambayi likita game da hidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku kuke haɗa kuɗin, don haka ku sa wannan cikin lissafi tun farko: magungunan bayan dashe na watanni, awon jini a kai a kai, kuɗin mota zuwa Yamai ko komawa asibitin da aka yi aikin, zaman kine, abinci mai kyau, takalmi mai rufi, ma'aunin zafi. Iyalin da suka kashe komai a kan dashe suka dawo hannu wofi sun bar yaron a tsakiyar gulbi. Ku roƙi asibitin ya ba da rahoto a rubuce, da Faransanci idan zai yiwu, da lambar da likitan gida zai iya kira. Mai rakiya ya ɗauki bidiyon motsin da kine ke koya wa yaron, don kowa a gida ya gani. Idan kun kira ta WhatsApp, bayan kun tambayi ya jiki, ku tambayi sau nawa ya zagaya tsakar gida yau, ku sa shi ya nuna maku.

A tuna kuma, dashe na canja jinin yaro amma ba ya canja abin da zai gadar wa ƴaƴansa. Idan ya girma zai yi aure, sai an auna wadda zai aura. Mai AS da mai AS idan suka haɗu, kowane ciki na da damar 1 cikin 4 ta zuwa da emasi. Awon nan kafin a sa rana ya fi kowane dashe arha. Ranar 19 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, amma ba sai an jira ta ba kafin a je a auna.

Masu tambaya su aiko mana ta lambar gidan rediyo ko su bar saƙo a ƙarƙashin wannan rubutu, za mu kai wa ma'aikatan lafiya su amsa a shirinmu na kiwon lafiya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.